Kwana Goma Sha Huɗu Na Biyu

Da hannunta Na'ima ta ɗaure masa ledar maganin a bayan babur, ta ja robar har sau uku, don ta san Shafi'u da gudu in ya hau hanyar Ɗan Isa. Ranar Lahadi ce, kasuwar Jibiya na ci, manyan motoci sun yi layi tun daga cikin Magama har bakin ƙofar iyaka. Ba su tsaya doguwar magana ba. Wata uku ke nan rabonsu da hira, tun ranar da mahaifinta, Alhaji Dalhatu, ya rantse cewa in ta ƙara tsayawa da wannan Bafillacen, to ta nemi wani uban.

"Ka ce ma Inna ta bar taka ƙafar nan," ta ce ƙasa-ƙasa, tana kallon cikin kemis ɗin da take aiki kamar ba da shi take ba.

"Zan gaya mata. Ji ne ba ta yi." Ya yi ɗan murmushi, ya tada babur.

Bai yi taku ɗari ba aka ja igiya a kan hanya. Babur ya yi gefe guda, shi ya yi gefe guda, fuskarsa ta share kwalta. Kafin ya ɗago, gora ta sauka a gadon bayansa, ta biyu a haƙarƙari. Matasa shida ne 'yan sa-kai, a gabansu Badaruddeen, kwamandansu, wanda ya shekara biyu yana zarya gidan Alhaji Dalhatu neman Na'ima, ko ruwa ba ta taɓa fito masa da shi da fara'a ba. Ya yanke robar da wuƙa, ya zazzage ledar a tsakiyar titi. Ruwan ƙari biyu, bandeji, allurai, ƙwayoyi.

"Ku diba," ya ce da ƙarfi yana juyawa ga jama'a. "Mai kai ma 'yan daji magani ne. Infoma ne."

A Jibiya ta yau ba a faɗin wannan kalmar sau biyu. Mai tallan rake ya ajiye rakensa, direba ya diro daga mota, kowa ya zo da abin da hannunsa ya samu. Mutanen da suka binne 'yan uwa, mutanen da suka kwana a daji, har da waɗanda ba su rasa komai ba sai dai hannunsu na ƙaiƙayi. Na'ima ta ji ƙarar ƙashi kamar an taka busasshen kara. Ta ga wani yana mirgino taya, wani na buɗe jarkar fetur.

Ta zabura za ta tsallaka titi, aka damƙe ta ta baya. Yayanta ne Mujahid, aminin Badaruddeen. Ya murɗe mata hannu, ya toshe mata baki da tafinsa.

Ta tsakanin ƙafafun mutane ta hango fuskar Shafi'u, jini ya rufe ido ɗaya. Da ɗayan idon ya same ta, ya girgiza mata kai a hankali. Kada ki zo, abin da yake nufi ke nan. Sai harbin iska da motar sintirin 'yan sanda ta yi ne ya tarwatsa taron, aka jefa shi bayan mota, tayar na rataye a wuyansa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, Badaruddeen ya ga wanda ya ɗaure ledar. Da idonsa ya gani. Ya kuma san Shafi'u ko za a yanka shi ba zai ambaci sunanta ba.

Su Shafi'u kakansu ma a Jibiya aka haife shi. 'Yan bindigar da suka kashe ƙanin Alhaji Dalhatu a gonarsa ta Bugaje, su ne suka kore shanun baban Shafi'u, baƙin ciki ya ƙarasa tsohon. Mahaifiyarsa ta tsallaka wurin danginta a Ɗan Isa da ciwon suga da gyambo a ƙafa. Amma wa ke tsayawa wannan dogon bayani? Alhaji dai tun da ya dawo daga jana'izar ƙaninsa bai ƙara amsa sallamar mai dogon hanci ba.

Na'ima ta yi ta ƙirga kwana ita kaɗai. Da farko an ce mata doka ba ta yarda a riƙe mutum ya wuce kwana ɗaya ba a kai shi kotu ba, ta ɗauka kotu na nufin gida. Wani direban Maraɗi ya ce a wurinsu jandarma, wato 'yan sandansu, kwana biyu suke riƙe mutum, in an ƙara biyu shi ke nan, ta riƙe wannan ma, ta ce ai ba za a rasa kama ba. Kwana huɗu suka wuce. Sai daga baya ta ji majistare ya ba da odar tsare shi kwana goma sha huɗu don a gama bincike. Ta koma ƙirgen daga farko, ta rame, idanunta suka faɗa.

Ran kwana na goma sha uku, da hantsi, wata mata mai farin tabarau ta shigo kemis ta ce a ba ta maganin ciwon kai. Da mai shagon ya fita sai ta ajiye jakarta.

"Sunana Barista Salmatu. Ni ke tsaya ma Shafi'u, kyauta, irin aikinmu ke nan. Ke ce Na'ima?"

Na'ima ta dube ta. "Shi ya ce miki?"

"Shi? Ko da wasa. Inna tashi na kira a waya, ita ta ce akwai yarinyar kirki mai aiko mata magani."

"Anti, ai gobe ne ko? Gobe kwanakin sun cika, za su sake shi."

Barista ta cire tabarau ta goge, irin gogewar mai neman ta inda zai fara. "Zauna ki ji. Kwana sha huɗun nan ba shi ne ƙarshe ba. Doka ta yarda in sun cika, mai bincike ya rubuto ma kotu yana neman ƙari, har wasu sha huɗun. Ba da baki ba, a rubuce, kuma dole ya kawo dalili mai ƙarfi. In alƙali ya gamsu, ya ƙara. In bai gamsu ba, sai beli. Sun riga sun shigar da takardarsu jiya."

"Wane dalili sunka ba da?"

"Guda ɗaya tal. Wai har yau ba su gano wanda ya ba shi magungunan ba, shi kuma ya ƙi faɗi. A irin zamanin da muke ciki, wane alƙali ne zai ƙi wannan dalili?"

Na'ima ta dafa kanta. "Ya jikin nashi?"

"Haƙarƙari uku sun karye. Jiya da na je yana tari, na ga jini a hannun rigarshi. Likitan da ke duba su ya ce sai babban asibiti. Ba zan ɓoye miki ba, ban ga alamar zai kai wasu sati biyun a haka ba."

Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba. Ta jawo aljihun tebur ta fito da wani ambulan mai ruwan ƙasa, ta zazzage. Katunan ƙwayoyi ne guda biyar, kowanne rabi.

"Inna in an ba ta kati guda, kwana biyu take shanyewa, wai don ta warke da wuri. Shi ya sa nake raba mata biyu, in aika rabi, in aje rabi sai wani satin. Almakashin shagon ya ɓace, da reza na yanka, duk a karkace."

Barista ta ɗauki ɗaya ta juya shi. Rezar ta bi ta tsakiyar lambobin da ke bayan katin. Ta daɗe tana kallo.

"Sauran rabin na wurinsu cikin kayan shaida. In aka haɗa sunka yi daidai, dalilinsu ya mutu. Amma ki ji da kyau, ƙanwata. Kemis irin wanga ba a yarje mishi sayar da allura da ruwan ƙari ba. In kin buɗe baki, ƙila ke za su riƙe. Ni ba zan ce ki zo ba, ba zan ce kada ki zo ba. Ƙarfe tara za a zauna."

Da ta koma gida bayan la'asar, ta tarar da babur ɗin Badaruddeen a ƙofa. Yana zaure shi da Mujahid da Alhaji, an baje goro a faranti. Ya sha farar shadda, ya fesa turare har yana hawa kai, sai ka ce ba shi ne ya rataya wa ɗan mutane taya ba.

"Barka da dawowa, Hajiya Na'ima," ya ce yana washe baki.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa gaban mahaifinta, gwiwa biyu.

"Baba, ina da magana. Maganin da anka kama Shafi'u da shi, ni na ba shi. Na mahaifiyarshi ne. Gobe zan je kotu in faɗi."

Alhaji ya ajiye goron da ya gutsura.

"Maimaita."

"Ni na ba shi, Baba. Su biyun nan sun sani, a gabansu na ɗaure."

"Wato rantsuwar da na yi, iska ce a wurinki."

"Ban yi hira da shi ba, wallahi ban yi ba. Tsohuwa ce ƙafarta ke ruɓewa. Baba, kai ka koya min. Ranar da Mama ke jinya, mai kemis ya hana mu magani, kai ka ce min in Allah ya sa na zauna bayan kanta, kada in taɓa maida mai ciwo hannu rabbana."

"Kada ki sako uwarki cikin wanga zance." Ya nuna ta da yatsa. "Ƙanina da sunka yanka kamar rago a Bugaje, shi wa ya kai mishi magani? Ni na wanke shi, Na'ima. Da hannuna na haɗa wuyan."

"Ba Shafi'u ba ne, Baba. Shi ma nashi uban su sunka kashe."

"Duk jirgi ɗaya ya kwaso su. In kika taka kotun nan, gobe garin nan kaf za a ce ɗiyar Dalhatu ce mai yi ma 'yan daji magani. Za su ƙone min rumbu, su ƙone gidan nan. Kin yi tunanin ƙannenki?"

Ta yi tunaninsu. Tun ranar Lahadin nan tana tunaninsu, shi ya sa ta yi shiru har yau. Ta fashe da kuka, ta kama ƙafarsa.

"Mutuwa zai yi. Yana tarin jini saboda ya rufa min asiri. In ya mutu ni na kashe shi, ina zan kai wannan gaban Allah?"

Badaruddeen ya gyara zama. "Baba, a bar ta, ruɗin yarinta ne. In an ɗaura mana, duk za ta manta."

Ta juyo ta dube shi ido cikin ido. "Gara a ɗaura ni da kabari."

Marin da Mujahid ya kai mata sai da ta ga wuta. Ya finciko ta da hijabi, ya ja ta a ƙasa har tsakar gida, ya zaro wayar rediyo daga jikin bango. Ya zuba mata a baya, a cinya, a hannun da take kare fuska, yana haki yana cewa ta zubar musu da mutunci. Ƙannenta mata suka ruga ɗaki suna kuka. Leɓenta ya fashe, ta ji gishirin jini a bakinta. Alhaji na zaure yana jin kowace bulala, bai ce a bari ba. Wannan shirun ya fi wayar zafi.

"Ina abin da za ki kai musu?" Mujahid ya zazzage jakarta, ya take wayarta da dunduniya. Bai samu komai ba, don ambulan ɗin na ɗaure a cikinta, ƙarƙashin zani. Ya tura ta ɗakin ajiyar hatsi, ya sa kwaɗo.

Da gari ya waye jikinta ya yi tsami, ido ɗaya ya kumbura. Ta ji fitar Alhaji, ta ji tashin babur ɗin Mujahid. Rana ta fara leƙowa ta ƙaramar tagar sama. Ta jera buhunan gero uku, ta hau, ta ɗauki taɓarya ta dinga dukan katakon tagar har ya balle. Ta matsa ta fito ta faɗo a lungun bayan ɗaki. Ƙofar gida a kulle take ta waje, saura katanga, katangar da Alhaji ya sa aka jera wa fasassun kwalabe saboda ɓarayi. Ta naɗe hannu da hijabi ta kama. Kwalbar ta ratsa yadin ta shige tafinta, ta cije baki ta haura.

Ba takalmi ta tari ɗan acaɓa. Ya dubi jinin, ya dube ta, ya ce ta hau.

Ana tsakiyar zama ta isa. Ɗakin kotun ya cika, 'yan sa-kai sun jeru a baya, Badaruddeen da Mujahid a tsakiyarsu, Alhaji a gefe da carbi. Shafi'u na tsaye cikin akwati, ya jingina da katako, ya zama rabin mutum. Mai gabatar da ƙara na karanta takardarsa.

"Don haka, ya mai shari'a, muna roƙon ƙarin kwana goma sha huɗu, mu samu mu gano wanda ke samar da waɗannan magunguna."

"Ga ni," in ji Na'ima daga bakin ƙofa. "Ba sai an nema ba."

Kowa ya juyo gaba ɗaya. Shafi'u ya ɗago, ya gan ta, ya ga fuskarta.

"Ƙarya take, ranka ya daɗe," ya ce da muryar da ba ta fita sosai. "Ban san ta ba. A ƙara min kwanakin, na yarda."

"Ba kai ke yarda ba, malam," alƙalin ya ce, wani dattijo mai ƙaramin gemu. "Ba kuma su ke ƙarawa ba. Ni ke dubawa ko akwai dalili. Barista, mece ce wannan?"

Barista Salmatu ta miƙe ta roƙi kotu ta saurare ta. Mai gabatar da ƙara ya yi ƙorafi, alƙali ya ce tunda dalilin neman ƙarin shi ne rashin gano mutum, ga mutum kuma ya kawo kansa, zai ji. Aka rantsar da ita. Ta faɗi komai, ciwon Inna, rezar, ranar Lahadi, igiyar da aka ja. Aka kawo ledar shaida. Magatakarda ya jera rabin katunan a kan tebur, ta ciro nata masu ɗigon jini. Alƙali ya sauko da tabarau, ya haɗa na farko da hannunsa. Karkataccen yankan ya zauna daram, lambar da ta rabu ta koma ɗaya. Ya haɗa na biyu, ya haɗa na uku, bai ma ƙarasa sauran ba.

Ya yi rubutu mai tsawo.

"Doka ta ba da damar ƙarin kwanaki don a yi bincike," ya ce a ƙarshe, "ba don a ajiye mutum kawai ba. Dalilin da aka kawo ya faɗi. An ƙi roƙon. An ba da belin wanda ake zargi, a kai shi asibiti yau."

Wani tsohon makiyayi, kawun Shafi'u, ya sa hannu a takardar belin.

A harabar kotu abin ya ɓaci. Badaruddeen ya kutso ta cikin mutane, ya shaƙo wuyan hijabinta.

"Ni za ki tozarta a kan wannan?"

Shafi'u, wanda ko tsayuwa sai an riƙe shi, ya faɗa tsakaninsu. Naushin da aka nufo ta da shi ya same shi a kan karayar, ya durƙushe yana aman jini a kan ƙafafunta. 'Yan sanda suka rufar wa Badaruddeen da kulake, suka danne shi ƙasa, suka sa masa ankwa. Mujahid ya ja da baya ya shige cikin taro.

Ta durƙusa ta tallabo kan Shafi'u.

"Mi ya sa kika zo?" Hawaye na bin gefen idonsa. "Na ɗauke kwana sha huɗu, da na ɗauke wasu. Yanzu duk wahalar ta tashi a banza."

"Da gawarka zan yi mi, Shafi'u?"

"Dubi abin da sunka yi miki."

"Zai warke. Kai dai ka tahi asibiti."

Inuwa ta rufe su. Sajan mai binciken ne, da wata 'yar sanda a bayansa. Ya yi maganar cikin ladabi, kamar ba ya son yin ta.

"Malama, za ki biyo mu ofis. Da bakinki kika ce kin ba da allura da ruwan ƙari, dole mu bincika."

Barista ta dubi agogonta. "Sha ɗaya da kwata. Akwai kotu kusa, Sajan, don haka gobe war haka ko ka sake ta, ko ka kawo ta gaban alƙali. In kuma odar tsarewa za ka nema, zan jira ka a nan."

"Na sani, Barista. In akwai wanda zai tsaya mata, babba mai gida a garin nan, ina iya ba da belinta tun a ofis, ta kwana a gida."

Na'ima ta ɗaga kai. Alhaji Dalhatu na tsaye bakin ƙofar harabar, taku goma tsakaninsu. Ya ga kumburin idonta, ya ga hannun da katangarsa ta yanka.

"Baba," ta ce.

Leɓensa ya motsa. Ya dubi taron mutanen kasuwa da suka zuba masa ido, ya sake dubanta. Sannan ya sa carbinsa a aljihu, ya juya ya fita. Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana, zuciyarta ta karye irin karyewar da bulala ba ta yi mata ba.

"Ni zan tsaya mata," in ji Shafi'u daga ƙasa, yana ɗaga hannu.

Sajan ya girgiza kai. "Wanda ke kan beli ba ya tsaya wa wani, malam. Kawunka kuma ya riga ya tsaya maka."

'Yar sandan ta kama ta a hankali ta gwiwar hannu, ta taimaka mata ta hau bayan motar. Kawun ya tsayar da a-daidaita-sahu, yana roƙon Shafi'u ya shiga su tafi asibiti. Shafi'u ya zame hannunsa.

Motar ta fita a hankali saboda cunkoso. Na'ima ta leƙo ta ƙarƙashin tamfol, ta hango shi a tsakiyar titi, ya dafe haƙarƙari da hannu biyu, yana jan ƙafa yana bin su. Ta yi masa alama ya koma, ta sake yi, tana kuka. Wannan karon shi ne ya ƙi ji.